Ƙarfin saurayi jari ne, kuma ƙarewa yake yi

Ranar Juma'ar da ta wuce, ana sallame sallar la'asar a masallacin unguwarmu sai wani dattijo ya miƙe a sahu na biyu, ya yi sallama murya ƙasa-ƙasa, ya ce jama'a a taimaka masa da abin da zai sayi maganin hawan jini, yau kwana tara rabonsa da sha. Da na ɗaga kai na kalle shi sai da gabana ya faɗi, don na san shi. Muna yara shi ne direban tirela na layinmu, Kano zuwa Legas yake yi, duk ranar da ya dawo daga tafiya yaran layi mun san akwai burodi, har da 'yan canjin da yake raba mana. Mutum ne mai kyauta, ƙaƙƙarfa, in ya tsaya a bakin zaure sai ya cika ƙofar. Yanzu ido ya yi rauni, ba mai ba shi mota, gidan da yake ciki na haya ne, 'ya'yan ma kowa ta kansa yake yi.

Shi dai tausayi ya ba ni, Allah ya ba shi lafiya ya rufa masa asiri. Abin da ya ɓata min rai magana ce da na ji bayan mun fito. Wani ƙanenmu da yake jan adaidaita sahu, yaro mai ƙoƙari wallahi, tun asuba yake fita, ya dube mu ya ce, "Yaya kun gani ko? Shi ya sa ni duk abin da na samu a ranar nake cinye abina, tunda ƙarshen kowa kenan." Aka yi dariya aka watse. Ni kuwa maganar nan ta bi ni har gida ta hana ni sakat, don yaron nan ya ga abin da ya kamata ya tsorata shi, sai ya ɗauko darasin a baibai.

Ra'ayina a fili yake, kuma ba zan yi ta kewaye-kewaye ba. Shekarun da ke tsakanin sha takwas da talatin da biyar su ne jarin da Allah ya ba kusan kowa kyauta, ɗan mai kuɗi da ɗan talaka. Abin da mutum ya yi da ƙarfinsa a shekarun nan, da abin da ya iya cirewa ya ajiye daga abin da ƙarfin ya kawo, shi ne zai ci a lokacin da gwiwa ta fara ƙara. Direba, tela, kafinta, bakanike, mai shayi, mai POS, ɗan dako, duk ba mai fansho a cikinsu. In ba su yanka wa kansu fansho da hannunsu ba, to babu wanda zai yanka musu.

"Me ake samu da har za a ajiye?"

Wannan ita ce magana ta farko da za a jefo maka, kuma ba zan raina ta ba. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin mai rayuwa ta canza wa kowa. Litar fetur da muke saye ƙasa da naira 200 sai da ta haura 1,000 a 2024. Mafi ƙarancin albashi an ɗaga shi daga 30,000 zuwa 70,000 a 2024 amma a lokacin buhun shinkafa ɗaya ya fi shi. Akwai magidancin da wallahi in ya ciyar da gidansa sau biyu a rana ya yi jihadi, wannan ba da shi nake ba, kuma duk wanda ya ce masa ya yi ajiya bai san halin da ake ciki ba.

Da saurayi nake, wanda bai yi aure ba, yana kwana a shagon gidansu ba ya biyan haya, tuwon dare yana jiransa a ɗakin mahaifiyarsa. Irin ƙanen nan nawa. Na taɓa zama da shi muka yi lissafi da biro da takarda, bayan ya cire balas ɗin mai keke da kuɗin mai da abincin rana, akwai abin da yake saura a aljihunsa kullum. Na ce to ina yake tafiya? Data, kati, lemon kwalba da nama a majalisa, kallon ƙwallo, ankon bikin abokin aboki, canjin waya duk bayan 'yan watanni don an fito da sabuwa. Ba haramun a ciki, kuma ba na cewa saurayi ya zauna kamar wanda aka yi wa mutuwa. Amma naira 500 kacal a kullum, a shekara 182,500 ce. Dubu ɗaya a kullum, 365,000. Shi da kansa ya buga a wayarsa ya yi shiru.

Kuɗin da ke shigowa kullum da kullum yana da wata yaudara da albashi ba shi da ita. Mai albashi ya san in ya ƙare sai wani watan, dole ya yi taka-tsantsan. Mai samu kullum gani yake gobe ma zai fita ya samo, to me zai sa ya takura kansa yau. Haka Baba direba ya gani shekara talatin, kuma gaskiya ne, kullum yana samowa, har ranar da likita ya ce idon nan ba zai ƙara tuƙin dare ba.

Kuma ba sai tsufa ne kaɗai yake raba mutum da sana'arsa ba. Mutanen Kano ba su manta watan Janairun 2013 ba, lokacin da gwamnati ta hana acaɓa bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero. Dare ɗaya dubban matasa suka wayi gari ba aikin yi. Na san waɗanda suke da ɗan abin da suka tara, suka sayar da mashin suka cika suka shiga adaidaita ko suka kama 'yar tireda, na kuma san waɗanda har yau ba su dawo daidai ba. Haka ma'aikatan masaƙun Kaduna, wanda ya ga Kakuri lokacin da ake tashi daga aiki ba zai taɓa cewa wuraren nan za su rufe ba, sai ga shi masaƙar KTL ta tsaya a 2002, masaƙar UNTL ta biyo baya a 2007, magidanta da yawa suka mutu suna jiran haƙƙinsu. Ku je Sharaɗa da Bompai a Kano ku ƙirga kamfanonin da suka zama kango.

"In na ajiye ma naira narkewa take yi"

To a nan ne masu wannan magana suka fi ni hujja, kuma zan tsaya a kai sosai don ita ce ta fi kashe wa matasa gwiwa. A 2015 dala ɗaya a farashin gwamnati ba ta kai naira 200 ba. A farkon 2024 ta wuce 1,500. Hauhawar farashi a ƙarshen 2024 ta haura kashi 34 cikin ɗari a lissafin hukumar ƙididdiga ta ƙasa. Wanda ya zuba miliyan ɗaya a akawun a 2015 ya rufe ido, yau in ya buɗe zai tarar da miliyan ɗinsa cif, amma abin da za ta saya masa ko rubu'in na da bai kai ba. Sannan ga abin da ya faru a farkon 2023 da canjin kuɗi, mutum da kuɗinsa a banki yana kwana a layin ATM, wanda ya tara tsofaffin takardu a gida kuma hankalinsa ya tashi. Duk wanda ya sha wannan ba za ka zarge shi ba in ya ce ya daina yarda da ajiya.

Amma a duba da kyau, abin da wannan ya koya mana shi ne kar a ajiye takarda ta daɗe tana kwance. Iyayenmu ba su taɓa ɗaukar ajiya a matsayin tara takardun kuɗi ba. Manomi in ya yi girbi rumbu yake zubawa, damin gero da na dawa, ya san na ci, ya san na iri, ya san wanda ba a taɓawa sai damina ta yi nisa abinci ya yi wuya. Bafulatani shanunsa ne bankinsa. Kakata ta wajen uwa ba ta taɓa shiga banki ba har ta koma ga Allah, amma ba a taɓa rasa akuya a bayan ɗakinta ba, in kuɗin ƙosai ya taru ta zuba adashi, in ta kwashi adashi ta sayi 'yar akuya, akuya ta haihu, in sun yi yawa a haɗa a sayi tunkiya, ragon layya ba ta taɓa saye ba sai dai ta sayar. Ranar da kawuna ya karye a ƙafa tumaki biyu aka kai kasuwa aka biya mai ɗori da magani, ba a je ƙofar gidan kowa ba. Matan birni kuma ɗan kunnen gwal da sarƙa, har da jeren kwanukan da ake yi wa amarya a da, ado ne a ido amma kowace mace ta san ranar da za su yi mata rana.

Wato dabarar tana nan tun fil azal, a tara kaɗan-kaɗan, da ya kai wani abu a juya shi ya zama abin da ke tashi tare da kasuwa. Yau ma haka ne. Tela ya ƙara keke na biyu ya ɗora yaro. Bakanike ya sayi kayan aikinsa na kansa ya daina aro. Mai adaidaita ya daure ya mallaki nasa ya huta da balas. Wanda ya samu dama ya kama ɗan fili a bayan gari ko da kwata ne, yana biya a hankali, amma fa a bincika takardu da kyau a tambayi mai unguwa da maƙwabtan filin, don rigimar fili ta cinye gumin mutane da yawa. Mutanen da suka sayi filaye a wuraren da ake musu dariya ana cewa sun shiga daji, yau gari ya iso su ya wuce. In kaka ta yi a sayi buhun masara ko wake daidai ƙarfi don cin gida, ban ce a ɓoye abinci a jira talaka ya galabaita ba, wannan wani abu ne daban kuma addini ya hana.

Wanda yake gudun kuɗin ruwa ma yanzu ba shi da uzurin da iyayenmu suke da shi. Bankin Musulunci na Jaiz ya fara aiki tun 2012, irinsa na TAJ ya zo a 2019, gwamnatin tarayya tana fitar da sukuk, wato takardun zuba jari marasa kuɗin ruwa, tun 2017. Hukumar fansho ta ƙasa ta buɗe tsarin fansho na masu sana'ar hannu a 2019, wanda tela ko direba zai dinga zuba abin da ya samu, amma ka shiga tasha ka tambayi direbobi goma ko sun taɓa jin labarinsa ka ji amsar da za su ba ka.

Abin da nake roƙon matasa da shi don Allah, tsoron narkewar naira kar ya tura ku bakin kura. MMM, harkar nan ta kawo kuɗi a ba ka riba mai tsoka, ta kwashe kuɗin mutane a ƙarshen 2016, muka ce an yi hankali, sai ga CBEX a watan Afrilun 2025 ta maimaita abu ɗaya. Duk wanda ya ce ka kawo dubu ɗari wata ɗaya ka karɓi dubu ɗari biyu, tambaye shi me yake sayarwa. Ga cacar ƙwallo a waya da ta shigo mana har ɗaka. Ga shekarar 2024 da muka ga manya da yara sun duƙufa suna dangwalar waya dare da rana da sunan mainin, wato haƙar kuɗin kirifto, wasu ƙalilan sun samu a farko, mafi yawa suka tashi da abin da ko kuɗin datarsu bai mayar ba. Abin da ya fi ba ni takaici a lamarin nan watannin da aka ƙona ne, wata shida ya ishi yaro mai kai ya fara iya gyaran waya a kasuwar waya ta Farm Centre ko haɗa sola.

"Arziƙi na Allah ne, gobe ta Allah ce"

Haka ne, babu musulmin da zai yi jayayya da wannan. Amma ni ban san inda aka samo fahimtar cewa tanadi rashin tawakkali ne ba. Wanda duk ya yi makarantar allo ya san ƙissar Annabi Yusuf, shekara bakwai na yalwa, aka ce abin da aka girbe a bar shi a zangarniyarsa sai kaɗan da za a ci, saboda shekara bakwai na fari da ke tafe. Annabin Allah ne ya tsara wannan. A wa'azi kullum muna jin a ribaci ƙuruciya kafin tsufa, lafiya kafin ciwo, wadata kafin talauci. Muna jin cewa mutum ya ɗauki igiya ya yo itace ya sayar ya fi masa ya roƙi mutane, kuma ka bar magadanka da abin hannunsu ya fi ka bar su suna miƙa hannu. To don me in an zo maganar aljihu sai mu ɗauki rabin karatun mu bar rabi?

Abin da na lura shi ne, ba a tuna gobe ta Allah ce sai in an zo ajiya. Wanda ya ce haka ba ya barin wayarsa ba caji don gobe ta Allah ce, ba ya barin tankin kekensa ba mai. Hausawa da suka ce ba a fafe gora ranar tafiya ai musulmi ne su ma.

Rowa da tattali

Mu a ƙasar Hausa ba abin da saurayi yake tsoro kamar a ce masa marowaci ko ɗan maƙo. Kuma akwai nauyi na gaske, da an ga ka fara samu, kuɗin makarantar ƙane, maganin Inna, gudummawar bikin 'yar gwaggo, duk kanka za su biyo. Ba zan taɓa cewa mutum ya toshe kunne daga iyayensa ba, wanda ya tara miliyoyi mahaifiyarsa tana kwana da yunwa tsiya ya tara. Zumuncin nan shi ne inshorar da muke da ita, kuma shi ya riƙe mu a shekarun nan masu wuya.

Sai dai mu faɗa wa juna gaskiya, yawancin abin da ke cinye kuɗin samari ba iyaye ba ne, burga ce. A ce kai ne mai biya a majalisa, a ce shaddarka ta fi ta ango, a yi liƙi a ɗauka a waya a ɗora. Biki ɗaya kamu, dina, wunin kaza, walima, kowanne da ankonsa. Lefe akwati kaza don kar a raina mu. Na ga ango da ya tare da amarya da bashin da ya kai shi shekara biyu yana biya, farkon zaman da ya kamata a yi shi cikin daɗi aka yi shi cikin ɓuya daga masu bin bashi. Mutanen da suka ci shinkafar dinar nan ko ɗaya ba ya nan ranar da mai gidan haya ya zo.

Ranar da Baba direba ya miƙe a masallaci na duba sahu, akwai mutanen da na san sun ci arziƙinsa a da. Wasu sun ba da abin da ya sawwaƙa, wasu sun sunkuyar da kai. Ban ga laifinsu sosai ba, su ma da kyar suke. Alherin da ya yi yana nan a wurin Allah ba zai tashi a banza ba. Amma da a ce cikin kowace tafiya goma ya ware ta ɗaya ya sa bulo a ƙasa, da yau yana da ɗakin da ba mai tashinsa, da har yanzu shi ne mai bayarwa. Wanda ya yi tattali shi ne yake iya daɗewa yana kyauta.

"Masu kuɗin nan duk gado suka ci"

Wasu haka ne. Ni ma ba na son a dinga kawo wa ɗan talaka misalin Aliko Ɗangote a ce ai shi ma da alawa ya fara, alhali kowa ya san gidan da ya fito da irin jarin da aka ba shi a 1977. Wannan misalin ba adalci a cikinsa. Amma a koma baya zuwa kakan mahaifiyarsa, Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877. Mahaifinsa ya rasu yana yaro, mahaifiyarsa ta tafi Akkara, wata tsohuwa da ake kira Tata ce ta riƙe shi, daga nan ma sunan ya samo asali. Ya yi almajirci, ya yi aikin hannu don ya ci, kuma abin da tarihinsa ya fi nanatawa shi ne asusun da yake jefa 'yan kuɗinsa tun yana yaro. Ya bi fataucin goro zuwa Gwanja, ya shiga harkar gyaɗa, har ya kai a 1929 da aka buɗe banki a Kano ya kai ajiyar kuɗin azurfa a kan raƙuma 20. Kafin rasuwarsa a 1955 ana lissafa shi a mafi arziƙin Afirka ta Yamma. Gadon da ake magana wani ne ya fara tara shi da asusun ƙasa.

Ba ina cewa duk mai asusu zai zama Ɗantata ba ne, ba zai zama ba, kuma ba ma shi ne abin nema ba. Abin nema shi ne rufin asiri, mutum ya kai sittin yana da wurin kwana nasa, yana da abin da ke shigo masa ko bai fita ba, in ciwo ya zo ba sai an yi masa sanarwa a masallaci ba.

Kuma ajiyar da ta fi kowace daraja a shekarun nan ba a aljihu take ba. Ku shiga Kantin Kwari ko Singa ko Ƙofar Ruwa ku tambayi masu shaguna yadda suka fara, da yawansu yaran shago ne, sun yi shekaru suna buɗe shago da sassafe, suna ɗaukar dila a ka, ana aikensu banki da kuɗin da ya fi ƙarfin gidansu kaf ba su taɓa ko sisi ba. Abin da suka tara a lokacin shi ne sanin kaya, sanin kwastoma, da suna. Ranar da ubangida ya sallame su, ko jarin bai taka kara ya karya ba, akwai wanda zai ba su kaya bashi don ya san su. Haka maƙwabtanmu Inyamurai na Sabon Gari suke yi, yaro ya yi wa ubangidansa hidima shekaru, a ƙarshe a buɗe masa nasa. Na sani akwai iyayen gida marasa tsoron Allah da za su ci gumin yaro shekara goma, da lokacin sallama ya zo sai a laƙa masa sata a kore shi. Wannan zalunci ne, kuma ya kamata shugabannin kasuwa su sa a dinga rubuta yarjejeniya gaban shaidu tun ranar farko. Amma ko yaron da aka yi wa haka, abin da ke kansa ba a iya ƙwace shi, ya fi wanda ya yi shekara goman nan a kan benci yana jiran ɗan siyasa ya wuce a yi masa kirari.

Masu digiri kuma, 'yan uwana, na san zafin a yi shekara huɗu ko biyar har da yajin aiki, a yi bautar ƙasa, a dawo ba komai. Laifin shugabanni a nan babba ne kuma ba zan wanke su ba, su ne suka bar wuta ta lalace masana'antu suka mutu. Amma shekarunka ba za su tsaya su jira gwamnati ta gyaru ba. Wanda muka gama tare ya cire girman kai ya koyi aikin tayil, yau shi yake ɗaukar yara aiki, takardarsa kuma tana nan a ajiye ba ta ruɓe ba, ita ce ma take sa ya iya rubuta kwantiragi da lissafin da sauran ba sa iyawa. Aikin gwamnatin da ake jira ɗin ma, je ka ga tsofaffin ma'aikata a layin tantancewa da fayil a hammata, wasu shekara da shekaru suna bin giratuti. Cikinsu waɗanda hankalinsu ke kwance su ne waɗanda tun suna aiki suka yi 'yar gona ko kiwo ko shago a gefe.

Akwai kuma wanda zai yi duk abin da na faɗa, ya yi aikin, ya yi tattalin, gobara ta tashi a kasuwa kamar ta Sabon Gari a 2016 ta cinye komai, ko ciwo ya zo, ko 'yan bindiga su ɗauke wani nasa a sayar da gona da shanu a biya kuɗin fansa. Wannan ƙaddara ce, ba wanda ya fi ƙarfinta. Amma na ga 'yan kasuwar da suka ƙone ƙurmus suka tashi cikin 'yan shekaru, saboda hannunsu ya saba da nema, sun saba da cin kaɗan su juya saura, kuma akwai masu yarda da su. Halin da aka koya tun ana saurayi wuta ba ta cinsa.

Jiya da daddare na tare ƙanen nan nawa yana wanke kekensa a ƙofar gida. Ban yi masa wa'azi ba, na san ba ya so. Na dai ce masa akwai adashin da masu shagunan bakin titi suke yi, dubu ɗaya kullum, mutum goma, ana kwasa duk wata, uwar adashin dattijuwa ce da kowa ya yarda da ita a unguwa, kuma na yi magana an bar masa gurbi ɗaya in yana so. Ya ce, "Yaya in na kwasa me zan yi da dubu ɗari uku a wannan zamanin?" Na ce ka fara kwasar tukuna, ranar sai mu je wurin mai keken mu ji nawa zai bar maka shi in ana biya a hankali. Ya ci gaba da goge gilashi bai ce komai ba, can sai ya tambaye ni ko zubin da safe ake kaiwa ko da yamma.